Waƙar da Aka Ba Mang Oyon Ajiya

A shekarar 2015 ne 'yan acaba masu amsa kira ta waya suka cika Bandung. Kafin damina ta zagayo, ɗalibai da ma'aikata sun daina tsayawa a bakin titi suna ɗaga wa angkot, motar hayarmu, hannu. Kowa ya duƙar da kai kan wayarsa, babur ya zo har ƙofar gida ya ɗauke shi. Ƙananan motocin hayar da a da muke cusuwa a cikinsu, gwiwa tana gugar gwiwa, suka koma hawa Lembang, garin da ke kan tudu a saman birni, da mutum uku ko huɗu. Direbobi da dama sun sayar da motocinsu, wasu sun sayi babur sun bi sahu. Mang Oyon, wato Kawu Oyon da yarenmu, bai sayar da tasa ba. Abin da ya yi shi ne ya ɗauko lasifikoki biyu daga ɗakinsa, ya ɗaure su a ƙarƙashin bencin baya, ya ce tun da an bar masa fili, zai zuba abin da yake so a ciki.

A lokacin saura mini shekara biyu in ajiye alli. Harshe nake koyarwa a wata makarantar sakandare da ke gaba da tashar Ledeng, kuma tun kaina bai yi furfura ba motarsa nake hawa, a kujerar gaba, wadda ya saba ajiye mini ba tare da na taɓa roƙa ba. Saboda haka yawancin abin da zan faɗa game da shi a kan idona aka yi. Sauran kuwa daga bakin matarsa na ji, Bi Ihat, wadda take suyar bala-bala, wani irin ƙosan kayan lambu, a bakin tashar, ba ta kuma riƙe magana fiye da yadda rariya take riƙe ruwa.

An haifi Oyon a Cisarua, a gidan masu kiwon shanun madara. Mahaifinsa ya so ya gaje shi, amma yaron da aka aika yankan ciyawa sai a tarar da shi a gindin bishiya da rediyon maƙwabta a kunne. Yana ɗan saurayi ya gangaro birni. Ya yi kwandasta, ya yi dako a kasuwa, daga bisani ya samu aiki a wani shago da ake buga zane a jikin riguna. A nan ne ya haɗu da irin kiɗan da ya riƙe shi har yau. Masu kawo aiki shagon samari ne 'yan ƙananan ƙungiyoyin kiɗa, waɗanda ba sa ƙarƙashin kowane kamfani. Su suke ɗaukar waƙoƙinsu a ɗakunan haya, su zana bangon kaset ɗin da hannunsu, su sayar wa abokai hannu da hannu. Sukan bar masa kaset su tafi, shi kuma ya saka yana jan fenti. Da warin fentin ya fara taɓa masa ƙirji, likita ya ce ya nemi aikin da iska take ratsawa. Sai ya koma tuƙi. Kaset-kaset ɗin suka bi shi cikin mota, daga baya faya-fayai suka maye gurbinsu, daga baya kuma 'yar filashi wadda ba ta kai ɗan yatsa ba.

Sauran direbobi dangdut suke sakawa, kiɗan rawa mai yawan ganga, da ƙarfin da har gilashin mota yake rawa. Na Mang Oyon daban ne. Yana son jita mai jan sauti kamar ana warware zare, da muryoyin da suke fitowa ƙasa-ƙasa kamar mai waƙar yana wani ɗaki, da kiɗan na'ura wanda ba ganga ba ne ba kuma sarewa ba, wani abu ne da yake ɗiga yana taruwa. Da sassafe, idan mota ta wuce Ledeng ta fara hawa, gajimare yakan sauko ya kwanta a kan titi, masu sayar da furanni a gefen hanya su zama inuwa-inuwa. A irin wannan lokaci mutum yakan kasa rarrabe abin da yake fitowa daga ƙarƙashin benci da abin da yake shigowa ta ƙofar da ba a rufewa. Na sha isa makaranta ina jin kamar ban gama farkawa ba.

Ba kiɗan kaɗai yake rabawa ba, har da labarin masu shi, kuma ba ya tambayar ko kana so. Tsohuwa ce da kwandon kabeji ko ma'aikacin asibiti mai gyangyaɗi, duk ɗaya ne a wurinsa.

"Waɗannan da kuke ji, mai gangarsu ya samu aiki a jirgin ruwa," in ji shi wata rana, idonsa a madubi. "Sun rasa mai maye gurbinsa, shi ne suka sa na'ura. Ni dai na ce gara haka, na'ura ba ta makara."

"Mang, ni dai ka sauke ni a kasuwa," in ji wata tsohuwa daga baya.

"Zan sauke ki, Emak. Amma tsaya ki ji wurin nan, yanzu yarinyar za ta shigo. Kin ji ta? A banɗakin gidansu ta ɗauki muryar nan, wai ya fi amsa kuwwa."

"Allah ya shirya. Iyayenta suna ina?"

"Uwarta ce ta riƙe mata makirufo."

Da fasinjoji suka yi ƙaranci, 'yan kiɗan ne suka same shi. Wani daga cikinsu ya shiga motar bisa katari, ya ji waƙar ƙungiyarsu tana tashi, ya je ya baza labari. Ba a jima ba suka mai da motar wurin gwaji. Hujjarsu ita ce, a ɗakin ɗaukar sauti kowace waƙa daɗi gare ta, amma wadda ta iya tsayawa da ƙafarta a cikin rurin inji da hon da iskar ƙofa, ita ce ta nuna. Sukan zo da waƙar da ba su gama ba, su zauna a baya kamar kowane fasinja, a hau Lembang a sauko, suna kasa kunne suna satar kallon fuskokin mutane. Shi ba ya ba da shawara. Idan aka tambaye shi yakan ce shi direba ne. Sai dai yana da ƙa'ida ɗaya da kowa ya sani: waƙar da aka kawo gwaji a cikin mota take zama. Ba ya tura wa kowa, ba ya bari a ɗauka da waya, har sai masu ita sun fitar da ita da kansu. Na ga ranar da ya tsayar da mota, ya kashe kiɗa, ya jira wani saurayi ya mayar da wayarsa aljihu sannan aka ci gaba da tafiya.

Cikin masu zuwa akwai wasu biyu da suke kiran ƙungiyarsu Kebun Kabel. Gilar, mai rera waƙar, tsohon ɗalibina ne, yaro mai shiru wanda a aji yakan zuba wa taga ido har sai an maimaita kiran sunansa. Kinanti, wadda kowa yake kira Kinan, ita take haɗa kiɗan a kwamfuta. 'Yar gajeruwa ce mai saurin magana, kullum da jakar goyo da ta fi ta faɗi. Ba soyayya suke yi ba, duk da cewa Bi Ihat ta ɗaura musu aure a bakinta tun ranar da ta fara ganinsu.

Wata safiya a daminar 2016 suka kawo wata waƙa da ba su raɗa wa suna ba tukuna. Ina zaune a gaba. Ta fara da sauti kamar ruwa yana ɗiga a cikin randar da ta kusa ƙarewa, sannan wani abu mai kauri ya taso daga ƙasa a hankali, kamar numfashin saniya a cikin sanyi. Muryar Gilar ba ta shigo ba sai da muka kai kwanar masu furanni, kuma da ta shigo ba ta yi kama da ta mai rera waƙa ba. Ta fi kama da ta mai kiran wani daga tsallaken gona, alhali ba ya tsammanin a amsa masa. Wata mata mai yaro a cinya ta wuce inda za ta sauka, ba ta farga ba sai a Lembang.

"Ba ta haɗu ba," in ji Kinan da aka tsaya. "Tsakiyar ta yi nauyi."

"Ki bar ta haka," in ji Gilar.

"Kai komai a bar shi haka. Da ta taka ce, wankan ma da an bar shi haka." Ta leƙo gaba. "Mang, bar filashin nan a wurinka. Ka riƙa sakawa ka ga ko tana gundurar mutane. Za mu dawo da gyararriya."

"Mun ba ka ajiya, Mang," in ji Gilar, yana saukowa.

Ba su dawo ba. Mang Oyon ya riƙa saka ta kullum a hawan farko na safe, a daidai wannan yanki na hanya, ba ya kuma saka ta a wani wuri. Fasinjojin da suka saba da shi suka saba da ita. Da an bar Ledeng sai hira ta mutu da kanta, masu kwanduna su jingina kai da gilashi. Wata rana ya ce da ni, yana kirana Malama da yarenmu, "Bu Guru, na ji waƙoƙi ba iyaka a rayuwata, amma wannan kamar an auna hanyar nan ne aka ɗinka mata." Ban musa ba, domin ni ma na fara lissafa safiyata da ita.

Bayan kimanin shekara guda, lokacin na riga na yi ritaya, na shiga motar wata la'asar zan je Lembang sayen madara. Ruwa ya ɗauke ke nan, kwalta tana tururi. A bakin tashar Ledeng wani saurayi mai gemu da ɗagaggen wando ya ɗaga hannu, sai da ya matso na gane Gilar ne. Da ya gan ni bai kama hannuna ya kai goshinsa kamar da ba. Ya haɗa tafukansa a ƙirji ya rusuna. A shekarun nan 'yan kiɗa da yawa a garinmu suna yin abin da suke kira hijira, wato su ajiye kiɗa su koma neman ilimin addini. Mang Oyon ya sha ba mu labarin wasu da suka yi hakan, amma na Gilar bai iso shi ba.

"Mang, wata alfarma na zo nema," in ji Gilar, yana tsaye a bakin taga.

"In dai ba tuƙin za ka karɓa ba, faɗi."

Gilar ya yi murmushi kaɗan. "Na bar kiɗa, Mang. Ban zo in ce kai ma ka bari ba, wannan tsakaninka da Ubangijinka ne. Ni dai na ga inda yake kai ni, ba na son komawa. Duk abin da yake wurina na goge. To, an ce mini kullum da safe muryata tana hawa Lembang. In idar da sallar asuba ina zaune, sai in tuna yanzu haka ina can ina waƙa a cikin mota. Don Allah ka goge ta."

Mang Oyon ya daɗe yana kallon sitiyari. Sannan ya sa hannu ya zare filashin daga jikin rediyo.

"Daga yau ba za ta ƙara tashi ba, wannan na yi maka alkawari. Amma gogewa, Jang, ɗana, ku biyu kuka ba ni. Ka zo da Neng Kinan ku faɗi magana ɗaya, a gabanku zan goge."

"Ba ta ɗaga wayata, Mang."

"To sai mu jira ta ɗaga."

Kinan ta zo, amma ita kaɗai, kuma da tata buƙatar. Ambaliyar da ta saba cin kudancin birni ta shiga ɗakin hayarta ta lalata kwamfutar da duk abin da yake ciki. Ta tarar da shi yana shan kofi a rumfar matarsa. Ba na wurin. Bi Ihat ce ta maimaita mini zancen, har da muryoyin.

"Mang, a wurinka kaɗai ta rage a duniya. Ba ni in kwafa, yanzu in mayar maka."

"Gilar ya ce a goge."

"Ya goge muryarsa mana, wa ya hana shi? Kiɗan nawa ne. Wata da watanni ina zaune a kansa har bayana ya ƙage, shi kuwa rana ɗaya ya zo ya buɗe baki ya tafi shan romon bakso."

"Na sani, Neng. Amma a haɗe kuka kawo, ni kuma ban iya rabawa ba. Ki je ku yi magana."

"In je in roƙi wanda ya watsar da aikinmu ta saƙon waya? Layi biyu fa, Mang, har da addu'a a ƙarshe." Ta zauna a benci ta dafe kai. Can ta ce, "To rera mini. In ba za ka ba ni ba, rera mini yadda tsakiyar take, ta ɓace mini."

Ya yi tunani, ya ga abin da yake cikin kansa dai nasa ne. Ya ajiye kofi, ya rufe ido, ya fara gunji. Bi Ihat ta ce ba ta taɓa jin irinsa ba sai a Cisarua, ranar da aka raba wata saniya da ɗan maraƙinta. Kinan ta fara dariya, dariyar ta juye kuka. Ta saɓa jakarta ta ce, "Riƙe ta, Mang. Riƙe ta har ta ruɓe."

"Ka gani ko," in ji Bi Ihat bayan ta tafi. "Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Kai ma da neman wahala. Ka ba yarinya a ɓoye, ko ka goge ka huta. Ka tsaya a tsakiyar titi kamar akuyar da ta ga fitila."

"Juya bala-balarki, tana ƙonewa," in ji shi.

Maganar ruɓewar nan ta tsaya masa a rai. Garinmu gari ne mai laima, har takalmi yakan yi fumfuna a ƙarƙashin gado. Wani mai gyaran waya ya ƙara tayar masa da hankali, ya ce filashi idan ta daɗe a ajiye takan manta abin da aka zuba mata. Sai ya naɗe ta a leda, ya cusa ta can cikin mazubin shinkafar gidansu, domin kowa ya san shinkafa tana shanye laima. Bi Ihat ta ce duk ranar da ta dafa ta bisa kuskure, kada a ga laifinta, kuma shi za ta zuba wa. Abin da ya fi damunsa shi ne ba shi da hanyar sanin ko waƙar tana nan. Dubawa ita ce sakawa, sakawa kuwa ya yi alkawarin ba zai yi ba. Mai yiwuwa ne abin da yake gadi ya riga ya zama fanko, kuma ranar da masu shi za su zo karɓa ya miƙa musu leda da ƙurar shinkafa.

A hawan safe ya gwada waƙoƙi iri-iri a gurbinta, babu wadda ta zauna. Daga baya ya daina gwadawa. Da an bar Ledeng sai ya kashe rediyo, ba zai kunna ba sai an hango kasuwar Lembang. Masu kwanduna suka tambaye shi ina waƙar nan tasu, ya ce ta je ganin gida. Na ci gaba da bin sa wasu safiyoyin, ko da yake ba ni da ajin da yake jirana. Gajimare ya sauko, furanni su wuce a gefe kamar ana ɗauke da su a kan ruwa, babu abin da ake ji sai inji, amma da mun kai kwanar nan sai in ga kawunan mutane sun ɗan karkata wuri ɗaya, kamar an yi kira daga nesa. Shi kuma yatsansa yana taɓa sitiyari a hankali.

"Tana zubewa, Bu Guru," ya ce da ni wata safiya. "Jiya na nemi abin da yake zuwa bayan muryar ta shigo, na rasa. Kamar gidan da ka tashi a ciki, ka san akwai ƙofa a nan, amma ka manta inda take kaiwa."

Abin da bai daina ba shi ne ba da labari. Gilar ya yi aure, ya kama sana'ar zuma da madara, kuma lokaci-lokaci yakan tsayar da motar ya shigo da jarkokinsa. Da Mang Oyon ya hango shi a bakin hanya sai ya kashe kiɗa tun kafin ya taka birki. Kiɗan ne kawai yake kashewa, bakinsa yana nan. Wane ya koma koyarwa, su wane sun rabu a kan sunan faifai, wance ta haihu ta sa wa ɗan sunan mai jitarsu. A tsakiyar labaran sai ya saka na Kinan: ta koma Yogyakarta, tana haɗa wa masu talla kiɗa, ranar Asabar kuma takan tsaya ita kaɗai a bayan tebur cike da wayoyi ta yi wa 'yan tsirarun mutane wasa. An ce akwai wata tsohuwar waƙa da take ta ƙoƙarin sake ginawa, ta gina ta rushe. Gilar dai yakan riƙe jarkokinsa kada su tuntsure. Ita ma Kinan yakan tura mata saƙon murya, ya haɗa mata da sabuwar waƙar da ta burge shi a makon, a ƙarshe ya ce Gilar ya samu 'ya mace, ko Gilar ya rame. Ba ta amsawa, amma yana ganin alamar ta saurara. Har a shekarar annoba, da motar ta yi watanni a kafe ciyawa ta tsiro a gindin tayoyinta, bai fasa tura saƙon ba.

A 2022 ne, wata rana da hantsi da muka rage mu uku a motar, Gilar ya yi magana daga baya.

"Mang, kai fa ba ka taɓa roƙona ba."

"Roƙon me? Ni labari nake bayarwa."

"Labarin mutum ɗaya ya fi na kowa tsawo."

"Ita ta fi kowa yin abin labari."

Gilar ya yi 'yar dariya, sannan ya sunkuyar da kai. "Lokacin da na zo maka, kaina kaɗai na gani. Na tafi gyara tsakanina da Allah, na taka haƙƙin mutum a hanya. Na neme ta, ta amsa, mun tsayar da magana ɗaya. Ka ba ta. Za ta saurara ta ɗauki kiɗanta, ta sake ginawa ba muryata a ciki. In ta gama sai a goge ta farkon, kada ta rage a wurin kowa." Ya ɗago kai. "Har da wurinka, Mang. Ka yi haƙuri."

"Haƙurin me? Kayanku ne," in ji Mang Oyon. Amma na ga ya wuce wata mata da take ɗaga masa hannu, abin da ban taɓa ganin ya yi ba.

Kinan ta zo a jirgin ƙasa bayan 'yan makonni. Mang Oyon ya aiko mini in zo, wai yana son dattijuwa a wurin, ko da abin zai zama fanko ne a samu mai ba da haƙuri. Bi Ihat ce ta kawo ƙullin ledar tashar Ledeng, ta miƙa wa Kinan.

"Ga ta nan, Neng. Ta kwana a cikin shinkafa fiye da kowane ƙwaro a garin nan. In ba ta yi ƙiba ba, ba laifina ba ne."

Kinan ta sumbaci hannun Mang Oyon ba tare da ta kalli fuskarsa ba. Ta shiga can ƙuryar baya, ta ɗora sabuwar kwamfutarta a cinya, ta hure ƙurar da take jikin filashin, ta toshe kunnuwanta da iyafis. Mota ta tashi. Safiya ce mai gajimare sosai, har direbobi sun kunna fitilu. Mang Oyon yana kallon hanya yana kallon madubi, ni ma na juya. Fuskarta a ɗaure take, tana taɓa wannan tana taɓa wancan, leɓenta a cije. Muka yi ta hawa babu wani canji. Na ji numfashinsa ya yi nauyi. Sai da muka doshi rumfunan furanni na ga hannunta ya sauka daga kan kwamfutar, kafaɗunta suka saki, ta rufe ido. Kanta ya fara kaɗawa a hankali.

"Tana nan," in ji Mang Oyon, ƙasa-ƙasa, ba da ni yake ba.

Can Kinan ta buɗe ido. Ta rarrafo ta tsakanin gwiwoyin fasinjoji da kwamfutar a ƙirji, ta zare iyafis ɗaya ta miƙo ta kan kafaɗarsa.

"Mang, karɓi. Sau ɗaya. Ta fi yadda na tuna ta, tsakiyar ma ba ta yi nauyin ba."

Ya kalli ɗan abin yana lilo a gefen kunnensa. Daga inda nake ina jin wani siririn sauti yana fita daga ciki, kamar sauro a cikin kwalba.

"Ke aka ce ki saurara, Neng, ba a ce mu ba. Koma ki zauna, akwai kwana a gaba."

Ta mayar da shi kunnenta ta koma wurinta. A Lembang ya saya mata madara mai ɗumi, ya ba ta labarin ƙungiyoyi uku da suka watse da biyu da suka kafu tun barinta garin.

Ta tafi da filashin Yogyakarta. A shekarar da ta biyo baya ta fitar da waƙar da sunanta ita kaɗai, kiɗa zalla, ta kuma aiko wa Mang Oyon da Gilar cewa ta goge ta farkon.

Yau Mang Oyon ya haura sittin. Tuƙin safe kaɗai yake yi, da rana ɗan ƙanwarsa yake karɓar motar. Masu kawo gwaji sun ragu amma ba su ƙare ba, ƙa'idarsa kuma tana nan yadda take. Gilar yana da ɗan shago a Lembang; shi da Kinan suna gaisawa da salla. Sabuwar waƙar tana cikin waɗanda Mang Oyon yake sakawa, yana yabonta, yana kuma faɗa wa fasinjoji wadda ta yi ta da garin da take zaune. Ta farkon ba ta wurin kowa, kuma shi bai ƙara jin ta ba tun la'asar ɗin da Gilar ya tsayar da shi a Ledeng.